Gayyar Daktora

A garinmu ba a barin gonar gayya sai mai gona ya sallami mutane. Ko rana ta faɗi, ko bayanka ya ƙage, dole ka jira ya fito tsakiyar gona ya ce an gode, Allah ya saka da alheri, kowa ya kama hanyar gida. Wanda ya saɓa fartanyarsa ya sulale kafin a yi haka, za a daɗe ana ba da labarinsa a bakin kogi. Maƙwabtanmu Larabawa nafir suke ce wa abin, mu ma wani lokaci haka muke cewa, amma ƙa'idar ɗaya ce: mai gona ne ke kira, shi ke ciyarwa, shi ke sallama. Na tashi na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu, amma duk da haka sai da na kira gayya ban san na kira ba.

Garin namu yana gefen kogi, ƙasa da garin Rusairis kaɗan. Manyan wayoyin lantarkin da suka taso daga madatsar ruwa ta kanmu suke wucewa su tafi su haskaka wasu, mu kuwa sai dai mu ɗaga kai mu bi su da kallo. Shi ya sa na kafa rumfar caji kusa da masallaci. Na ɗora farantan sola a kan rufin, na jera soket a kan wani tsohon teburin makaranta, na haɗa da 'yar na'urar intanet wadda ke aiki in ta ga dama. Da safe manoma su ajiye wayoyinsu su wuce gona, bayan la'asar su biyo su karɓa. Ni kuma ina zaune a inuwa ina karance-karance a wayata, domin ni mutum ne mai son a ce ya sani. Wannan halin ba yau na fara shi ba, kuma har yanzu bai sake ni gaba ɗaya ba.

Surukina, mahaifin matata, tsoho ne mai lambun albasa da kuɓewa a gaɓar kogi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na hango shi a lungu sai in canza hanya, in kuwa ba hanyar canzawa sai in tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana da saƙo sai ya faɗa wa iska, ko ya faɗa wa wanda ke kusa, ni kuma in tsinta. Haka muka gada, kuma ba wanda abin ya dama a cikinmu.

Autarsa, ƙanwar matata, ita ce ta bi 'yan'uwanta yankan riɗi can gabas wata shekara, tana dafa wa leburori abinci. Ta dawo da sabuwar waya mai murfi mai zanen fure, wadda ta saya da guminta, ta kuma dawo da zazzaɓi. Aka yi ta ba ta maganin maleriya, zazzaɓin ya ƙi tafiya. Kafin a gane kalazar ne, saifarta ta kumbura, ta rame har munduwa tana zamewa daga hannunta. Aka fara yi mata alluran nan masu zafi da ake yi kullum, amma ba ta kai ƙarshensu ba. Bayan an share makoki tsohon bai sake ambaton ta ba, ko sau ɗaya, mu ma muka ja bakinmu muka yi shiru.

A cikin waɗannan watannin ne, ina ta bincike a kan ciwon don in samu abin faɗi, na ci karo da wani aiki. Wasu masu bincike a wata ƙasa mai nisa suna neman sabon maganin cututtuka irin su kalazar. Suna da abubuwa masu ɗimbin yawa da suke zaton wani a cikinsu zai iya kashe ƙwayar cutar, sai dai gwada su ɗaya bayan ɗaya a na'ura kamar gwada makullai ne a ƙofa guda, aikin ya fi ƙarfin na'urorinsu. Don haka suka yanka aikin ƙanana-ƙanana, suka ce duk mai kwamfuta ko babbar waya ya sa wata manhaja. In wayar tana caji ba a taɓa ta, sai ta karɓi ɗan yanki ta yi lissafinsa ta mayar. Ba a biyan kowa. Na dubi teburina cike da wayoyi suna kwance tun safe har yamma ba abin da suke yi, na ji kamar an ba ni sarauta.

Wanda na fara gaya wa shi ne taubashina, makaniken injin ban-ruwa, mutumin da bai taɓa barin magana ta wuce bai soke ta ba.

"Ya zol," in ji shi, yadda Larabawa ke kiran mutum, "yanzu talafon ɗina ne zai zama likita? Shi da ko lambar matata ba ya iya riƙewa?"

Na yi bayanin lissafi, ya yi hamma. Na yi bayanin ƙwayar cuta, ya ce in bar shi da dizal. Da na rasa ta inda zan ɓullo masa sai na ce, "Kai, nafir ne fa. Gona ce babba, mai ita ta kasa nomewa ita kaɗai, ta ce a taya ta. Kai ka je gonarka, talafon ɗinka ya je tata."

"To ka ce gayya mana tun farko," in ji shi, ya miƙo wayar.

Kalmar nan ita ta buɗe mini garin. Kafin wata ya ƙare yawancin wayoyin da ke kan teburin suna aikin. Surukina kuwa ba ni da bakin da zan tunkare shi, sai na aiki matata ta yi masa bayani. Washegari da sassafe sai ga shi da kansa a bakin rumfa, karo na farko tun da na kafa ta. Na yi wuf na sauka daga kujera. Ya kwance wani ƙyalle, ya ajiye waya mai murfin fure a kan teburin, ya dubi farantan sola ya ce musu, "A sa wanga ma cikin gayyar." Ya juya ya tafi lambu.

Daga ranar kullum sai ya kawo ta. In ya zo karɓa da yamma sai ya ɗora ta a tafin hannunsa ya ɗan yi jim. Waya in tana irin wannan lissafi ɗumi take yi. In ya ji ɗumin sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ta yi aiki yau." In ya ji ta da sanyi sai ya tambayi taubashina dalili, taubashina ya tambaye ni, ni kuma in amsa wa taubashina cewa hadari ne ya rufe rana, ko shabakar intanet ce ta ɗauke, alhali tsohon yana tsaye taku biyu daga inda nake.

Shugabar masu binciken wata mata ce mai furfura da tabarau, na ga hotonta a shafinsu. Mu Daktora muke ce mata. Lokaci-lokaci takan rubuta inda aka kwana: an gama wannan kashi, an ware wasu abubuwa za a gwada su a ɗakin bincike, a ci gaba da haƙuri. Sai in sa waya ta juya mini rubutun zuwa Larabci, ni kuma in juya shi zuwa Hausa da bakina ranar Juma'a bayan an sauko, mutane suna zazzaune a rumfa. Matsalar ita ce rubutun nata ba ya farawa da gaisuwa. Kai tsaye take shiga magana. Ni kuwa ba zan iya tsayawa gaban dattawa in buɗe baki da lissafi ba, don haka sai in fara da, "Daktora tana gaishe ku."

"Muna amsawa," in ji su. Wani ya ce, "Ya iyalinta?" In ce lafiya lau. Wani ya ce a ce mata ya sanyi, an ce ƙasarsu akwai sanyi. In ce za ta ji.

Har yau ina kare kaina a kan wannan, ko da yake muryata ba ta kai ta da ƙarfi ba. Wa ya taɓa dawowa daga birnin Damazin bai ce "suna gaishe ku" ba, ko da kuwa ba wanda ya ba shi saƙo? Ba ƙarya ake ɗaukar wannan ba, ladabin ɗan aike ne. Abin da ban lura da shi ba shi ne, mutanen Damazin sun san da mu. Gaisuwar nan ta yi ta taruwa Juma'a bayan Juma'a, har Daktora ta zama mace mai kirki da ta san garinmu, ta san wanda ya yi rashi, ta san an yi ambaliya. Aka fara ce mini wakilin Daktora, ina jin daɗi, ina gyara zama. Da aka cire albasa, surukina ya aiko matata da rabin buhu a kai mata. Na ce a gaya masa nisa ya yi yawa, za ta ruɓe a hanya. Ya aiko cewa to in ci a madadinta. Muka ci kuwa, har muka ba maƙwabta.

Haka muka yi 'yan shekaru. Sai wata rana na buɗe shafin na ga sanarwa: Daktora ta ajiye aikin, ta koma wani wuri, wani matashi daga cikin mataimakanta ya hau kujerarta, wasu biyu ma sun tafi an kawo sababbi. Aikin yana nan yadda yake, in ji sanarwar, masu taimako ba abin da za su canza. Ni ban ɗauki abin da nauyi ba. Ranar Juma'a na faɗa musu kamar yadda ake faɗin an canza direban mota, na ƙara da cewa wayoyi za su ci gaba da aikinsu, ba abin da ya sauya.

Surukina ya dubi sandarsa ya ce mata, "Gona ta canza hannu, a ce ba abin da ya sauya? Wadda ta kira mu ta tahi. Ta sallame mu?"

Na ce wa taubashina ai ta yi godiya ga dukkan masu taimako a cikin sanarwar.

"Godiya daban, sallama daban," in ji tsohon. "Kuma shi yaron bai kira mu ba."

Da a wani lokaci ne, da maganar ta tsaya a nan, a yi ta jan ta ana shan gahawar jabana. Amma a lokacin idon surukina ya riga ya fara tafiya. Ɗayan ya rufe, ɗayan yana gani dishi-dishi, da lalube yake gane soket. Babban ɗansa da ke zaune a garin Kamlin ya shirya a kai shi a yi masa aiki, ya zauna can wurinsa, likitan ido kuma ya ce kada a ja lokaci. An gama shiri, an ɗaure kaya, sai tsohon ya ce ba inda za shi. Matata ta dawo gida ranta a ɓace.

"Baba ya ce ba ya tahiya sai Daktora ta sallame shi," in ji ta. "Yaya ya kira ya yi faɗa har ya gaji. Kai ka ɗauko wannan abu, kai za ka san yadda za ka sauke shi."

Na ce ai sai ya bar wayar a wurina ta ci gaba da aiki, shi ya tafi. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce wayar nan da ita yake kwana, ba zai bar ta a hannun kowa ba, kuma ba zai janye ta daga gonar mutane a ɓoye ba.

Tsohon ne ya kawo shawarar a ɗauki muryarsa a aika mata. Muka je gidansa da hantsi. Yana zaune a kan gadon angarib a ƙarƙashin rumfar kara, matata ta zauna a tsakaninmu, ni kuma na tsuguna na miƙa hannu da wayata har kafaɗata ta yi tsami. Ban taɓa matsowa kusa da shi haka ba. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya kamar matar tana gabansa.

"Salamu alaikum, Daktora. Ni ne mai talafon ɗin nan mai hure a baya. An ce kin aje aiki. To, ba mu ji daɗi ba, amma Allah shi sa haka ya hi alheri. Abin da nika roƙo, akwai ranakun da na cire talafon tun ba a tashi ba, don in kira ɗana. Akwai ranar da ruwan sama ya hana ni kawowa. Akwai kuma ranar da ƙyuya ce kawai, ba wani abu ba. Ki yahe min." Na zaci ya gama. Sai ya ci gaba, muryar ta sauka. "Talafon ɗin ba nawa ba ne, na ɗiyata ne. Ciwon nan da kike nema ma magani, shi ne ajalinta. Ita ba ta samu ba, shi ya sa na ce bari ta taya ki nema ma ɗiyan wasu. Yanzu idona ya gaza, za a kai ni Kamlin. Ki sallame mu."

Matata ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na ƙura wa ƙasa ido, kunya ta rufe ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa, domin na ji abin da bai kamata surukin mutum ya faɗa a gabansa ba, kuma na san matar da yake wa magana ba ta taɓa ganin murfin fure ba.

Shafin nasu ba ya karɓar murya. Sai na zauna na rubuta maganar da Larabci, waya ta juya ta zuwa Turanci, na liƙa a dandalin da masu taimako ke hira. Sama da saƙona wani yana tambayar yadda zai sanyaya manyan na'urorinsa, ƙasa da shi wasu suna gardama a kan makin da shafin ke ba masu taimako. Na dubi maganar tsohon a tsakiyarsu, da ƙyuyarsa da ruwan samansa, na ji kamar na shiga ofis da taɓon gona a ƙafa. Sau biyu na kai hannu zan goge, na fasa.

Bayan 'yan kwanaki amsa ta zo, daga sabon shugaban da kansa. Ba zan zalunce shi ba, yaron yana da kirki. Ya yi ta'aziyya, ya ce saƙon ya taɓa shi. Ya ce Daktora ta riga ta tafi, ba ta duba wannan dandali kuma. Ya ce babu abin yafewa, domin ba wanda ya ɗaure kowa, mai taimako yana iya tsayawa duk lokacin da ya so ba sai ya gaya wa kowa ba, in waya ta daina aiki sai a tura yankinta ga wata. A ƙarshe ya tambaya, cikin murna, wai ina ne garin namu? Bai san suna da mutane a wannan yanki ba, kuma yana jin ita ma ba ta sani ba, domin su ba sa ganin ko su waye, sakamako kawai suke gani.

Na karanta wa taubashina. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa, ya goge baƙin mai a wando.

"Ka ce ta sallame shi, halas, shi ke nan," in ji shi. "Wa zai je ya tambaye ta? Ido ake magana, ya zol."

Matata ma ta ce in faɗi duk abin da zai sa ya shiga mota. Ni kaina abin da na yanke ke nan. Wanda ya yi shekara da shekaru yana ƙirƙiro gaisuwa, sallama guda ɗaya ba za ta gagare shi ba.

Ranar Juma'a rumfa ta cika, domin kowa ya ji an aika. Na miƙe na ce amsa ta zo, Daktora tana gaishe ku. Suka amsa. Na ce ta ji saƙo, ta ce ta yafe, ta gode, ta sallami kowa. Aka yi ta alhamdu lillahi, wani har ya fara laluben takalmi. Surukina ya gyaɗa kai a hankali, sannan ya tambayi sandarsa, "Mi ta ce game da yarinyar?"

Amsar tana bakina. In ce ta ce Allah ya jiƙanta, shi ke nan, a tashi. Amma harshena ya ƙi. Gaisuwa na iya ara wa mutum, har da yafiya na ara mata, amma in sa addu'ar mamaci a bakin wadda ba ta taɓa jin an yi yarinyar a duniya ba, in miƙa wa ubanta ya tafi da ita Kamlin yana jin sanyi a ransa, wannan ya fi ƙarfina. Mutane suka fara duban juna. Daga nan na faɗi gaskiya, kaina a ƙasa. Na ce Daktora ba ta ga saƙon ba. Na ce sabon ne ya amsa, na faɗi abin da ya ce, har da tambayar ina ne garinmu. Na ce gaisuwar duk da na yi ta kawowa, tawa ce.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina jiran faɗa, ko tsaki, ko a tashi a bar ni. Sai na ji sandar ta motsa. Surukina ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajena, abin da bai taɓa yi ba, ya yi mini magana ni da kaina.

"Ashe ba ta san da mu ba."

"Ba ta sani ba, Baba."

"To wa ya aiko ɗiyata gidana ya ce in kawo talafon?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya kira waɗanga mutane?"

"Ni ne."

"To ai kai ne mai gayya," in ji shi. "Mu muna ta neman mai gona a ƙasar sanyi, ga shi zaune a inuwa. Shekara nawa muna ma aiki, ko ruwa ba ka taɓa ba mu ba. Albasata ma kai ka cinye."

Taubashina ya fashe da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye sauran. Tsohon ba wasa yake ba, ba kuma fushi yake ba. Lissafi ya yi ya samu amsa. Ya ce gobe bayan azahar za su zo a sallame su yadda ake sallamar mutane, jibi ya shiga mota.

Matata da maƙwabtanta suka tashi tun asuba suna tuƙa asida, suna mita, suna kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa. Na je bakin kogi na kwaso kifi. Aka shimfiɗa tabarmi a gaban rumfa, duk wanda wayarsa ta taɓa wuni a kan teburin ya zo, har da waɗanda ban tuna sun taɓa sa manhajar ba. Mai gona shi ke ɗaukar tire da kansa, shi ke zagayawa da buta, don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zuba ruwa. Da na iso kan surukina na tsaya ina neman wanda zan miƙa wa butar. Ya miƙo hannuwansa biyu.

"Zuba," in ji shi. "Cikin gona ba suruki."

Na zuba, har na jiƙa masa bakin riga. Ya ci abincina a gabana, a natse, ya suɗe yatsu, ni kuwa ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Da aka kwashe kwanuka na fito tsakiya. Na sha jin kalmomin nan daga bakin manya tun ina yaro, amma ban taɓa zaton nauyinsu ya kai haka ba. Na ce an gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya sa a samu abin da ake nema. Na ce wanda ya ga zai dawo da wayarsa gobe, ya sani ni ne na kira shi, kuma can ba wanda ya san sunansa. Na ce na sallame ku. Suka shafa fatiha.

Na ɗauka an gama. Sai tsohon ya ɗaga hannu, ya sa aka matso da ni gabansa, na durƙusa. A gaban mutanen gari, ya maimaita mini abin da ya faɗa wa Daktora, bai rage komai ba: ranakun da ya cire waya don ya kira ɗansa, ranar ruwan sama, ranar ƙyuya. Ya ce tunda gonar tawa ce, ni zan yafe. Na ce Baba ni ya kamata in roƙa. Ya ce nawa daban, zai zo, yanzu nasa ake yi. Ya jira. Ban san yadda kalmar ta fita ba, amma na ce wa mahaifin matata na yafe, da wata murya da ban san ina da ita ba.

Sannan ya sa aka ɗauko masa wayar daga kan teburin, inda take caji tun safe. Ya shafa murfin furen da babban yatsa, ya laluba fuskarta yana neman inda ake dannawa, bai gani ba. Ya miƙo mini.

"Ita ma ka sallame ta," in ji shi. "Ta gaji."

Na karɓa. Tana da ɗumi, tana tsakiyar wani lissafi da bai kai rabi ba. Na tsayar da shi, na cire manhajar, na mayar masa da hannu biyu. Ya riƙe ta a tafin hannunsa, mutane suna ta watsewa, bai motsa ba har sai da ta huce. Sannan ya naɗe ta a ƙyallenta ya sa a aljihun gaba.

Washegari ya shiga mota. Matata da ta raka shi ta ce har suka isa Kamlin hannunsa yana kan aljihun.